Sai Hankici Ya Faɗi

Duk wanda ya yi firamare a garinmu cikin shekara ashirin da shida da suka wuce ya san Baron Ottokar von Brummbach. Wanda bai san shi ba, ko dai baƙo ne, ko kuma zazzaɓi ya kwantar da shi ranar. A duk faɗin arewacin Minnesota babu mahalukin da ya yi wa kiɗa hidimar da bawan Allahn nan ya yi. Ba a wurin wani na ji ba, daga bakinsa na ji, kuma ba sau ɗaya ba. Baron gagarabadau! Baron mai gashin auduga, mai tumbin aro, sarkin shiru hana yara motsi! A cewarsa, ya tarar da garin nan ba ya bambance kukan goge da kukan zarto, shi ya ɗauke shi ya wanke masa kunne.

Sau huɗu a shekara, ranar Talata da ƙarfe goma na safe, motocin makaranta masu ruwan ɗorawa sukan jeru a ƙofar zauren kiɗa, su juye yara ɗari tara da takalmansu jagab da dusar ƙanƙara. Makaɗa sittin na zaune a kan dandamali cikin baƙaƙen kaya, kowa na haɗiye hamma. Sai ganga ta yi ƙugi, sai ga Baron ta ƙofar gefe: farar hular gashi mai hawa uku, jar riga har gwiwa mai maɓallan ruwan zinare, tumbi na gaba yana biye. Taku uku zai yi ya ci tuntuɓe da kujerar mai babban goge. Shekara ashirin da shida, kujera ɗaya, tuntuɓe ɗaya, kuma har yau yara na kifewa da dariya. Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaidar baiwa.

"Ya ku ƙananan jahilai abin ƙaunata!" haka yake buɗe baki, da wata irin murya ta mutanen Turai wadda babu Baturen da ya taɓa magana da ita. "Ku buɗe ido ku ga Baron! Sarakuna bakwai sun zubar da hawaye a gabana, shida don daɗin kiɗa, ɗaya don na taka masa ƙafa! A fadar kakana aka haife ni, ungozoma ta mare ni, na yi kuka daidai da amo!"

Fadar kakan nasa wata gona ce ta dankali, tafiyar awa ɗaya daga nan. Turai kuwa a jikin kalanda ya ganta.

Kafin wani ya ce hassada ce ke cina, bari in sauƙaƙa masa. Hular nan a kaina take zama. Tumbin matashin kai ne daga gadonmu, matata Marlys ta gaji da neman a maido mata ta haƙura. Sunana Alden Rustad, kuma ni ne mai busa basun na biyu a ƙungiyar makaɗan garinmu. Basun shi ne dogon itacen nan da ake rungumewa a hura, mai muryar dattijon da ke gunaguni a ƙuryar ɗaki. Na biyu fa na ce. Na ɗaya shi ake ji. Na biyu aikinsa ya zauna yana ƙirga shiru, ya shigo a ƙasa-ƙasa, ya fita ba wanda ya sani. Shekarar da wanda aka ɗauko don nishaɗantar da yara ya sulɓe a kan ƙanƙara ya karya ƙafa, sai aka duba cikin ƙungiya ana neman wanda in ya tashi daga kujerarsa ba za a ji bambanci ba. Ba a daɗe ana nema ba.

To, tun daga ranar Baron ke girma ni ina nan inda nake. Shi yana da ɗakin sa kaya da sunansa a ƙofa, ni ina rataye rigata a ƙusa bayan labule. Hularsa tana da akwatinta, ana kai ta a gyara mata gashi, ni Marlys ce ke yi mini aski a kicin. Yara na aiko masa da zane-zane buhu-buhu. Ni kuwa a kanti nakan daɗe a layin madara ina gyaran murya irin tasa, ko wani zai juyo ya ce, "Kai, ba kai ne ba?" Sau ɗaya aka taɓa juyowa, wata tsohuwa ce, ta miƙo mini alewar tari.

Har gida ya bi ni. Wata rana na ce da Marlys, cikin muryarsa, miyar nan ba ta dace da harshen mai daraja ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Alden, ka ajiye mini wannan muryar a gareji tare da takalmanka. Mai daraja ya tashi ya kwashe ƙanƙarar ƙofar gida, mota za ta fita."

Mai daraja ya tashi ya ɗauki shebur.

Amma babban aikin Baron, wanda yake so a rubuta a kan kabarinsa, shi ne dokar tafi. Kowa ya san dogon kiɗa kashi-kashi yake zuwa, uku ko huɗu, kuma tsakanin kashi da kashi makaɗa kan ɗan tsaya su juya takarda. Mai tarbiyya ba ya tafi a wannan tsayawar. Tari ake yi. Wanda ya kuskura ya tafa, duk zaure zai juyo ya kalle shi har ya gwammace ƙasa ta tsage. Baron ya ɗauki wannan al'ada ya mai da ita addini. Yana da wani jan hankici, faɗinsa ya kai rigar matashi, sai ya zaro shi daga aljihu ya ɗaga sama.

"Yaushe ake tafi?"

"Sai hankici ya faɗi!"

"In kiɗa ya tsaya fa?"

"A naɗe hannu!"

"In shugaban makaɗa ya juyo ya rusuna? In gwamna ya tafa? In uwarku ta tafa?"

"Sai hankici ya faɗi!"

Sai ya jarraba su. Ya sa makaɗa su tsaya cak, ya zuba ido yana neman mai laifi. Ya yi kamar zai saki hankicin, ya fasa. Ya tura wani babba ya tafa daga baya don a ga wa zai bi shi. Ba mai bi. Nakan tsaya cikin hular nan ina kallon hannaye dubu ɗaya da ɗari takwas a naɗe, in ji kaina ya kumbura har hular na matse ni. Ni da ba a jin busata, ga shi gari guda ba ya motsa hannu sai da izinina.

Ana nan sai aka kawo mana sabuwar shugabar makaɗa, Renata Sokol, yarinya ce a kaina, shekarunta ba su kai na hular ba in an haɗa da na rigar. Ni kuwa saura mini shekara ɗaya in ajiye aiki, kuma akwai abin da ke cikin raina tun ina ɗan shekara goma sha tara. Wani kiɗa ne na basun shi kaɗai, mai tafiya a hankali, minti bakwai, makaɗa na rufa masa baya. Shekara arba'in da ɗaya ina busa shi a ɗakin ƙasa na gidanmu, kusa da injin wanki. Ban taɓa busa shi a gaban mutane ba. Abin da nake so bai da yawa: sau ɗaya tak in tsaya a wasan manya na ranar Asabar, da fuskata, da sanƙona, a ji ni a tafa mini. Wannan ba wasa nake ba. Ina so har cikin ƙashina.

Na shirya jawabi na shiga ofishinta. Na fara da tarihin basun, na gangaro kan yadda ake danne masu basira a ƙananan garuruwa, na kawo kaina a matsayin misali. Ta bar ni na gama, tana cin tuffa.

"Malam Rustad, gaskiya ban taɓa jin ka kai kaɗai ba."

"Ranki ya daɗe, ai matsalar ke nan da nake faɗa."

"To ga yadda za a yi. Talata mai zuwa ka busa wa yaran. Kai fa, ba mutumin nan mai hula ba. Yara ba su iya kara ba. In ka riƙe su minti bakwai suka tafa maka, na sa ka ranar Asabar a watan Afrilu. In ba su tafa ba, kada ka sake shigo mini da tarihin basun."

Na fito ina dariya a ciki. Yara? Yaran da nake juyawa da ɗan yatsa? Ai ta ba ni a faranti.

Na sayi sabuwar baƙar kwat. Na rubuta tarihin rayuwata shafi biyu don a buga a takardar wasan Afrilu, tun ba a tambaye ni ba. Na tsaya gaban madubin banɗaki ina gwada rusunawa iri uku: ta mai kunya, ta wanda ya saba, da ta wanda tafi ya yi masa yawa har yana roƙon a bari. Na samu Lyle, tsohon da ke kula da labule da fitilu tun kafin a haifi Baron, na tambaye shi sau nawa ya kamata in koma in sake fitowa in tafin ya ƙi ƙarewa.

"Tsoho," in ji shi, "ka dai fara samun na farkon."

Marlys ta ba ni shawara a kan kofi da safe. "In ni ce kai, ranar nan zan bar Baron a akwati. Ka fito kawai ka yi busarka."

"Wa zai gabatar da ni? Babban gwani sai babban mai gabatarwa."

"Allah ya ba da sa'a, ku biyun."

Talata ta zo. Ganga ta yi ƙugi, Baron ya fito, ya ci tuntuɓe, sarakuna bakwai suka zubar da hawayensu. Ranar ma ya fi kullum zaƙewa, don ya san sabuwar shugaba na tsaye da sandarta tana kallo. Ya nuna wa yara goge, ya nuna musu kakaki, ya sa kansa cikin bakin babban ƙaho ya yi kamar ya maƙale. Ya zaro jan hankici ya yi musu karatun tafi har sau biyu, suka amsa har gilashin fitilu na rawa. Sannan ya buɗe hannuwa.

"Ƙananan jahilaina! Yanzu Baron zai fita ya sha iska. Amma na bar muku wani gwani wanda duniya ta yi sakaci da shi, lu'ulu'un da aka binne a layin baya, mutumin da in ya hura itace tsuntsaye kan yi shiru don kunya! Ku saurare shi da ladabi. Kuma ku tuna, ko ba na nan idona na nan. Yaushe ake tafi?"

"Sai hankici ya faɗi!"

Ya cusa hankicin a aljihun jar rigarsa, ya fice yana taƙama. Ban sa wannan a cikin shiri ba. Bakin ne ya saba, kuma daɗin amsar yaran ya hana ni jin abin da na faɗa.

Bayan labule Lyle ya fizge hular, na zare riga, na jefar da matashi, na goge jan kumatu, na zura sabuwar kwat. Minti ɗaya da rabi. Na ɗauki basun na fito. Ba ganga, ba tuntuɓe. Wani tsoho mai sanƙo ne kawai ya tako ya tsaya kusa da shugaba.

Zan faɗi gaskiya a nan, ko da za a ce yabon kai ne, tunda ai an riga an san halina. Na busa shi. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa busa shi kamar ranar ba. Numfashina bai yanke ba, yatsuna ba su yi gardama ba. Wurin nan da ke kayar da ni kullum, inda murya ke hawa can sama ta tsaya siririya, na hau na tsaya na sauko lafiya. Yara ɗari tara, babu mai tari, babu mai neman zuwa bayi. Na manta da Afrilu, na manta da rusunawa iri uku. Da na saki amon ƙarshe, idona ya cika da ƙwalla.

Shiru ya biyo baya, irin mai kyau, wanda kowane makaɗi ke mafarkinsa. Na sauke basun na jira. Shirun ya ci gaba. Na yi rusunawar mai kunya. Shiru. Na ɗago na duba: hannaye dubu ɗaya da ɗari takwas a naɗe a ƙirji, tsaf, yadda na koyar.

Renata ta ajiye sanda ta juyo ta fara tafa mini, tana yi wa yaran alama da kai. Makaɗa suka shiga goga ƙafa a ƙasa, yadda muke yaba wa junanmu. Sai zaure gaba ɗaya ya ɗauka: "Shhhh!" Wata yarinya mai wushirya a layin gaba, haƙoranta biyu na sama babu, ta miƙe tsaye ta nuna shugabar makaɗanmu da yatsa.

"Malama, hankici bai faɗi ba! Jarrabawa ce!"

Na juya wajen malamansu, ina neman ceto da ido. Babba ɗaya ya fara, sauran za su bi. Sai na ga malaman ma hannunsu a naɗe, suna murmushin wanda ya gano tarko. A nan na gane su ɗaya bayan ɗaya. Waccan mai tabarau, wancan mai gemu, duk a kujerun nan suka zauna shekara ashirin da suka wuce da takalmansu jagab. Ni na koya musu.

"Yara," na ce da muryata ta gado, wadda ko layi na biyar ba ta kai ba, "an gama. Kuna iya tafi yanzu."

Ba wanda ya motsa. Na laluba aljihun sabuwar kwat, na zaro farin hankicin da Marlys ta goge mini, na ɗaga, na saki. Ya sauka a kan takalmina.

"Ba ja ba ne!" Wannan karon su duka suka faɗa, cikin jin daɗi, don sun ci jarrabawa ta biyu.

Na sunkuya na ɗauki hankicina. Na fita. Ƙarar takalmina kaɗai ake ji, sabo ne, yana ƙiiƙii.

Lyle na tsaye bayan labule, hula a hannu ɗaya, jar riga a ɗayan. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa.

"Tsoho, ba za su tashi ba fa. Haka za su zauna har motoci su tafi su bar su. Ko in kunna fitilu in sallame su, ko ka sa."

Mai mutunci da ya ce a kunna fitilu. Ya tafi gida da shirunsa, ya san dai ya busa, Allah ya ji. Na tsaya na yi wannan tunani na kusan daƙiƙa biyu. Amma akwai tafi a cikin zauren nan, tafi na minti bakwai an tara an ɗaure, kuma makullin na aljihun rigar da ke gabana.

Baron ya fito, tumbi a karkace, hula ta rufe ido ɗaya. Yara suka yi ihu. Ya ci tuntuɓe, wannan karon na gaske. Ya zaro jan hankici, ya kewaya da shi sama, ya ja musu rai, ya saki. Ban taɓa jin irin wannan tafin ba. Suna buga ƙafa, suna kiran "Ba-ron! Ba-ron!" Baron ya yi rusunawar mai kunya, ya yi ta wanda ya saba, ya yi ta mai roƙon a bari. Duk ukun da na gwada a banɗaki, shi ya more su. Kuma kada in yi ƙarya, ya yi mini daɗi. Wannan shi ne abin kunyar.

Renata ta same ni bayan labule ina haki.

"Malam Rustad, ka yi busa. Wallahi ban zata ba." Ta dubi hular da ke kaina. "Amma ka faɗa mini da kanka, sunan wa suke kira?"

Na gyara tumbin da ya karkace.

"To ka gani. Sai dai ina da wata magana. Manyan nan na ranar Asabar sun ishe ni, su tafa inda ba a tafi, wayoyinsu na kuka. Mutumin da ya iya hana yara ɗari tara motsa hannu, shi nake nema. Minti biyar kafin a fara, a watan Afrilu. Ka zo da hular."

Na buɗe baki in ce mata ni mai fasaha ne ba ɗan kama ba. Kafin in haɗa kalmomin, hular ta riga ta gyaɗa.

Al'ada ce Baron ya tsaya a bakin ƙofa yana sallamar yara suna hawa mota. Na tsaya ina miƙa hannu, ina "ƙananan jahilaina" da bakin da ba ya jin ɗanɗanon komai. Sai ga mai wushiryar nan ta fita daga layi, malamarta na kira, "Junia, dawo nan!" Ta kama gefen jar rigata ta ja.

"Baron, ka ga ban tafa ba ko? Har malamar nan na hana."

"Na gani, 'yata. Kin yi ƙoƙari."

"Wane ne tsohon nan da ya yi busa lokacin da ka tafi bayi?"

"Me ya faru da shi?"

"Kiɗansa ya sa na tuna kakana da ya rasu. Sai da na ciji hannun rigata don kada in yi kuka. Na so in tafa masa sosai-sosai, amma ya tafi." Ta ɗaga kai tana kallona. "Kai ka koya masa?"

Shekara arba'in da ɗaya nake jiran wani ya faɗi wannan magana. Ga ta an faɗa, a gabana, ga kunnena. Abin da ya rage kawai in ɗaga hular in nuna mata sanƙon. Na ji hannuna ya fara tashi. Sai ya wuce hular, ya sauka a kan tumbi, ya shafa shi, na ji wata murya ta mutanen Turai ta fito daga bakina.

"Wa kuma zai koya masa in ba Baron ba?"

Ta gyaɗa kai, alamar dama ta sani. Ta juya za ta hau mota, sai ta waiwayo daga kan matakala.

"In ka gan shi ka ce ya dage. Wata rana zai zama kamar kai."